Filin Matasa: Ƙafa Tana Gajiya, Kai Ba Ya Tsufa

A hutun da ya wuce wani ɗalibin SS2 ya tare ni a bakin gidan kallon ƙwallo a Funtuwa, ya ce zai ajiye makaranta, wai wani dillali ya yi masa alkawarin gwaji a Legas. Na tambaye shi: idan gwiwarka ta samu matsala kana ɗan shekara 25, me za ka kama? Ya yi shiru. Shi ya sa yau na kawo muku labarin wani Ba'amurke, Jay Gruden.

Wasansa ba irin namu ba ne. Ƙwallon Amurka ce, wadda ake jefawa da hannu, kuma a cikin rufaffen zaure yake buga ta. Tsawon filin yadi 50 ne, rabin na babbar gasar NFL, kuma kowane ɓangare mutum takwas ne, ba 11 ba. Matsayinsa shi ake kira kwatabak, wato jagoran masu kai hari. Shi ne ke haddace dabarun koci, ya karanci tsayuwar abokan hamayya, ya yanke wanda zai jefa wa ƙwallo cikin daƙiƙa biyu ko uku.

An haifi Gruden a 1967, ya yi karatu kuma ya buga wasa a Jami'ar Louisville. Da ya gama, bai samu gurbi a NFL ba, sai ya shiga ƙaramar gasar cikin zaure. Tare da ƙungiyar Tampa Bay Storm ya ci kofi sau huɗu: 1991, 1993, 1995 da 1996. A 1998 ya zama kocin Orlando Predators, ya ci kofi a shekararsa ta farko, ya ƙara a 2000. A 2002 ya koma fili ya sake bugawa, sannan ya dawo aikin koci. A 2014 ƙungiyar Washington ta NFL ta naɗa shi babban koci. Gasar da ba ta karɓe shi ɗan wasa ba, ita ce ta damƙa masa ƙungiya sukutum.

Kada ku ɗauka tafiyar duk zaƙi ce. An sallame shi a 2019 bayan ya sha kashi a wasanni biyar a jere, kuma a shekarar ce gasar cikin zauren da ta yi masa suna ta durƙushe saboda bashi. Amma ilimin da ya tara bai tafi da ita ba.

Mu ma muna da namu. Marigayi Stephen Keshi ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake cinsa yana koci a 2013. Usman Abdallah, ɗan Kano, ya ci gasar ƙasa da Enyimba a 2019. Aikin koci sai da kwas da jarrabawa da lasisi daga hukumar CAF. Wanda ya gudu daga aji, ta yaya zai rubuta?

Ku 'ya'yan manoma ne, kun san wanda ya sayar da masararsa kaf a kasuwar Dandume bai ajiye iri ba, baɗi zai yi kuka. Takardar WAEC ko NECO ita ce irinku.

Don haka ku buga ƙwallonku da yamma, har Allah Ya kai ku Katsina United ko gaba da nan. Amma idan kuna kallon wasa, ku riƙa tambayar kanku dalilin da ya sa koci ya canja ɗan wasa. Duk wanda ya nemi kuɗin gwaji a hannunku, ku fara sanar da iyayenku da malamin wasanninku.

Shi kuwa ɗalibin nan, na ji ya koma aji. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.