Jinjirin da Bai Yi Kuka Ba: Gyaran Jiki Yana Zuwa a Makare

A ƙauyukanmu irin su Bauranya, da sauran garuruwan Kusada da Kankiya, idan yaro ya shekara biyu bai zauna ba, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko farfaɗiya ta kama shi tun yana goye, akan ɗora laifin a kan iska ko mayu. Da wuya a sami mai tambayar yadda aka haife shi. Alhali kuwa sau da yawa amsar tana can: naƙuda ta yi tsawo, jinjiri ya faɗo shiru, aka daɗe kafin ya yi kuka. Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane ɗalibin sakandare ya san abin da ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa a wannan ɗan lokaci, domin su ne iyayen gobe, kuma daga cikinsu ake samun ungozomomi.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari mai suna gulutamet. A lokacin lafiya kaɗan ake saki, nan da nan kuma a kwashe shi. Amma kwashewar tana cin ƙarfi, ƙarfin kuwa daga iskar oksijin yake zuwa. Idan iska ta yanke, sai gulutamet ya taru, ya buɗe ƙofofin ƙwayoyin ya bar su a wangale, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki kamar ruwan da ya fasa madatsa. Ƙwayar sai ta yi ta zabura har ta mutu. Wato ɗan aike ne ya kashe wanda aka aike shi gare shi. Wani masani Ba'amurke, John Olney, shi ya nuna irin wannan ɓarna a ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye a 1969. Ƙwaƙwalwar jinjiri ta fi ta babba saurin kamuwa, saboda waɗannan ƙofofi suna cikin abin da take gina kanta da shi.

To, jiki ba ya naɗe hannu. Ƙwayoyin da suka ji ƙarancin iska sukan ƙara fitar da wani sinadari mai sa jijiyoyin jini su yi tsiro, wanda masana ke taƙaita sunansa da VEGF. Napoleone Ferrara ne ya ware shi a 1989, kuma masana uku da suka gano yadda ƙwaya ke sanin iska ta yi mata kaɗan sun sami kyautar Nobel a 2019. Aikin wannan sinadari ya yi kama da na manomin rani da ke haƙa sababbin hanyoyin ruwa zuwa fangalin da ya bushe. Bugu da ƙari, an ga yana taimaka wa wasu ƙwayoyin da suka jikkata su tsira.

A nan ne fa gizo ke saƙar. Sabuwar jijiya ba ta tsira cikin sa'a guda, sai an kwana da kwanaki, ita kuwa ɓarna tana gudana cikin mintoci da sa'o'i. Sa'an nan kuma sinadarin yana sa bangon jijiyoyi ya riƙa yoyo. Hasali ma, da wannan hali aka fara saninsa a 1983. Wani gwaji da aka buga a 2000, a kan manyan ɓeraye da aka toshe wa jijiyar ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa ba da shi bayan sa'a ɗaya ya ƙara yoyon, amma ba da shi bayan kwana biyu ya taimaka. Saboda haka har yau bai zama maganin da ake yi wa jarirai allurarsa ba, kuma duk wanda ya ce a zauna jiran irin wannan magani, ban yarda da shi ba.

A manyan asibitocin Turai da Amurka akan sanyaya jikin irin wannan jinjiri zuwa kimanin digiri 33.5 har sa'a 72, a fara kafin sa'a 6 ta cika. Sai dai wani babban gwaji a Indiya da Sirilanka da Bangaladash, wanda aka buga a 2021, ya nuna hakan bai amfana ba a can, mace-mace ma ƙaruwa suka yi. Kada kuwa wani ya ɗauka wannan shi ne kwara wa jinjiri ruwan sanyi da ake yi a gida don ya yi kuka. Wannan cutarwa ce, haka nan riƙe shi ƙafa sama ana mari.

Abin da ke aiki yana da sauƙi, kuma hannunmu ya kai. A tsane jinjiri da zane mai tsabta, a shafa bayansa, in bai ja numfashi ba a fara hura masa iska da 'yar jakar roba kafin minti guda ya wuce. Wannan abu ne da ake iya koya wa ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da kowace ungozoma. Kafin a kai ga nan ma, akwai kunyar haihuwar fari da ke sa yarinya ta ɓoye naƙuda, da jiran iznin maigida da ya tafi cin rani, da neman mota cikin dare. Kowace sa'a da aka ɓata a nan, jinjirin ne ke biya.

Malaman ilimin halittu, idan kun zo babin numfashi da zagayawar jini, ku tsaya ku kawo wa ɗalibai zancen jinjirin da bai yi kuka ba, maza da mata duka. Ku sa su lissafa nisan da ke tsakanin gidajensu da asibitin da ake karɓar haihuwa da dare, da kuma wanda zai ba da mota.