Lambun Kimiyya: Biyu Sama Ko Huɗu Sama?

'Yan makaranta, a dazuzzuka da gonakin Turai akwai wasu ƙananan furanni 'yan gida ɗaya, dangin Viola: bayolet da fansi. Kowanne ganyen furensa biyar ne, shi ya sa ake rikita su. Ku dubi inda ganyayen suka fuskanta. Na bayolet, biyu sama, uku ƙasa. Na fansi kuwa, huɗu sama, ɗaya tal ƙasa, kamar fuska mai ɗan gemu.

Su kansu bayolet iri-iri ne, kuma hanci ke raba gardama: Viola odorata tana ƙamshi, Viola riviniana ba ta yi.

Kada suna ya ruɗe ku. Furen Tanzaniya da ake kira bayolet na Afirka ba danginsu ba ne. Ainihin 'yar uwarsu a nahiyarmu, Viola abyssinica, tana can tsaunukan Habasha da Kamaru.