Laifin Zafi Ne da Jabun Caja, Ba na Sauri Ba

A kasuwar wayoyi ta Banex da ke Wuse II a Abuja, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a yi gardama ba a kan caja mai sauri, watau irin wadda kan kai batir rabi cikin kamar minti 30. Wasu masu gyara har rantsuwa suke yi cewa ita ce ke cinye batir tun bai shekara ba. Maganar kuwa ta bi motocin haya har Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal, inda 'yan Arewa da dama suka koma ga caja mai tafiyar hawainiya, alhali wutar lantarki idan ta zo ba ta jiran kowa.

Lalle an yanke wannan hukunci ba tare da an saurari wanda ake tuhuma ba. Batirin wayar zamani na sinadarin litiyam ne, kuma tsufa yake yi ko an lallaɓa shi ko ba a lallaɓa ba. Kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera batirin iPhone 14 ne don ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Gaskiya ne sauri yana ƙara ɗumi, ɗumin kuma yana ɗan taɓa lafiyar batir, amma fa waya ta kirki takan sha wuta da ƙarfi ne da farko kawai, sa'an nan ta sassauta in ta doshi kashi 80, ko kuwa in ta ji jikinta ya yi zafi.

Babban abokin gaba shi ne zafi. Kamfanin nan ya yi gargaɗi cewa zafin da ya haura digiri 35 yana iya raunana batir har abada, Abuja kuwa takan wuce haka a watan Maris. Ɗan acaɓa da ya bar wayarsa cikin rana, da mai shayi da ya jingine tasa kusa da murhu, da rumfar caji inda ake jibge wayoyi kan juna a gefen janareta, duk sun fi caja mai sauri ɓarna.

Sai kuma jabun caja, wadda arharta ke ruɗin talaka, ga ta ba ta iya daidaita wutar da take turawa. Ga ɗan ci-rani waya ba kayan ado ba ce, domin da ita yake aika kuɗin cefane gida, ta nan kuma yake jin haihuwa da rasuwa. Saboda haka wajibi ne Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta tsananta bincike tun daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, shugabannin kasuwannin waya kuma su tilasta wa kowane mai shago ya ba mai saye rasit a kan caja, kamar yadda ake bayarwa a kan wayar kanta.