Gargaɗi Ga Jama'a A Kan Naɗin Alƙalai

  

Ya ku jama'ar Daura, ku sani, a Janairun 2019, saura wata guda zaɓe, ɗan garinmu Muhammadu Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalan Nijeriya, Walter Onnoghen, bisa zargin ɓoye dukiya, ya ɗora Ibrahim Tanko Muhammad. Majalisar Dattawa ta tabbatar da Tanko a Yuli. A Oktoba shi ya shugabanci zaman da ya kori ƙarar Atiku Abubakar kan zaɓen nan. 'Yan APC suka yi guɗa, 'yan PDP suka yi kuka, kaɗan ne suka nemi hujja. A 2024 gwamnati ta yi sulhu da Onnoghen, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi.

Ni ina ce muku, sulhu halal ne tsakanin masu husuma, amma kujerar alƙali ba naman watanda ba ce da jam'iyyu za su kasa. Abin da malamanmu suka sharɗanta ga alƙali ilmi ne da adalci, babu "namu ne" a ciki. Abu Hanifa ya zaɓi kurkuku da ya karɓi alƙalanci daga hannun Halifa Mansur.

Wanda ya yi murna yau don alƙali nasa ne, in mulki ya juya gobe, gun wa zai kai kuka? Ku tambayi sanatanku da wakilanku na majalisar Katsina: da wane ma'auni kuke tabbatar da alƙalai?

Allah ya kiyashe mu da son zuciya, amin. Wassalamu.