Ɗan Akuya A Gadon Baya: Hauka Ne Ko Dabara?

Da dogon hutun da ya wuce yayana mai karatu a Amurka ya zo gida, ya nuna mana wani hoto wanda har yau ban manta da shi ba. Ga shi durƙushe bisa wata 'yar tabarmar roba cikin ciyawa, hannuwa da gwiwoyi a ƙasa, ga kuma ɗan akuya tsaye ƙyam a gadon bayansa. Kakarmu ta duba ta sake dubawa, sa'an nan ta ce, "Kai kuma wannan ne karatun da ka tafi yi?" Da na komo makaranta na ba 'yan ɗakinmu labari, suka yi ta dariya har aka kashe fitila. Hukuncinsu ɗaya ne, wai ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Ni ma da ni aka yi dariyar, amma daga baya na sake tunani.

Yoga dai wani irin motsa jiki ne da ya samo asali daga Indiya, ana miƙe gaɓoɓi ana jan numfashi a hankali. Haɗa shi da awaki kuwa sabon abu ne. A shekarar 2016 wata mata mai suna Lainey Morse ta fara shi a gonarta kusa da garin Albany, a jihar Oregon. Ta yi fama da rashin lafiya da ɓacin rai, sai ta lura in ta zauna da yamma cikin awakinta hankalinta yakan kwanta. Wata mai koyar da yoga ta ba ta shawara su gwada yin darasi a wurin. Ba a daɗe ba abin ya bazu cikin Amurka har ya ƙetara Ingila. Ba sai an sha wahalar koya wa awakin ba. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san ɗan akuya ba ya ganin turmi ko katanga bai ɗale ba, balle bayan mutum.

Yayana ya ce shi da abokan karatunsa suka tafi wata gona tun da safe. Kuɗin shiga da ya biya, in ji shi, ya kusa sayen ɗan akuya a kasuwar garinmu. Motsa jikin bai yi wani nisa ba, domin wannan akuya ta ci masa igiyar takalmi, waccan ta zuba kashi a tabarmar na kusa da shi, kowa sai dariya. Bayan haka aka kai su rumfa suka ci cukwin nonon akuya da burodi da zuma, duk na yankin. Aka kuma kawo abin shan da suke kira saida, watau ruwan tuffa da aka matse. A nan fa sai da lura. Akwai wanda aka matse aka kawo da zaƙinsa, ba ya bugarwa. Akwai kuma wanda aka bari ya yi tsami har sukarinsa ya juye barasa, kamar yadda bammi yake yi in ya kwana. A Amurka na biyun suna ƙara masa kalmar da ke nufin mai ƙarfi, amma a Ingila in an ce saida kawai to mai bugarwar ake nufi. Yayana sai da ya tambaya kafin ya kai baki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne awakin kansu. Da yawa daga cikin waɗanda ake wannan wasa da su jikokin gajerun awakin nan ne na Afirka ta Yamma, irin na kudancin ƙasarmu, waɗanda aka kai can a ƙarnin da ya wuce. Sunan da Amurkawa suka ba irin ma akwai Nijeriya a cikinsa. Ashe akuyar da muke kora da tsinke, ita ce wani yake shiga mota ya yi tafiya mai nisa don ya zauna kusa da ita.

Ban ce akuya tana warkar da ciwo ba, kuma ba na son a ga ana wahalar da 'yan awaki don neman kuɗi. Amma manomin nan ba mahaukaci ba ne. Da garke ɗaya ya karɓi kuɗin shiga, ya sayar da cukwi, ya kuma sayar da ruwan tuffa, bai kai kome kasuwa ba, kasuwar ce ta zo masa har gida. Baƙin nasa kuwa mutanen birni ne da suke wuni cikin ofis gaban kwamfuta, wasunsu ba su taɓa shafa dabbar gona ba.

Mu fa, 'yan'uwana? A makarantar nan in an ce yaro ya tafi gona, to laifi ya yi. Nawa ne cikinmu suke ɓoye ƙuliƙuli da dakuwa a ƙasan akwati, su ɗora biskit a sama don kada a ce musu 'yan ƙauye? Ni kaina da aka tambaye mu sana'ar iyayenmu a aji ɗaya, "ɗan kasuwa" na ce, alhali awaki biyu babana ya sayar ya yi mini sayayyar makaranta. Jajayen awaki ne irin na Sakkwato da Maraɗi, waɗanda fatarsu ta daɗe tana ƙetare hamada har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

Saboda haka ina roƙon Shugaban Makaranta, in za a kai mu yawon buɗe ido bana, a sa gonar kiwo cikin wuraren da za mu je, a bar mu mu ga tatsa mu kuma ci abincin wurin. Iyaye kuma don Allah in mun zo hutu a daina cewa ɗan boko ba ya yankan ciyawa. Ni dai na riga na ba da sunana a ƙungiyar matasa manoma, ko da yake tun ranar 'yan ɗakinmu suke kirana Sarkin Awaki.