Testosteron Bai Zare Wuƙa Ba

Malam, na karanta rubutunka da ka ɗora faɗan samari a kan testosteron, har ka ce 'yan mata sun tsira don nasu kaɗan ne. Haba! A wani nazari da aka wallafa a 2010, masu bincike a Jami'ar Zurich sun ba wasu mata wannan sinadari, wasu kuma na bogi, suka sa su wasan rabon kuɗi. Waɗanda suka samu na gaske sun fi yin rabo na adalci. Masu ƙwauron kuwa su ne waɗanda suka zaci an ba su, ko da na bogi suka sha.

Neman girma sinadarin yake ingizawa. Yaron da ya ga unguwarsu tana jinjina wa ɗan daba, ta can zai nemi nasa girman.