Ina Fagen Kokawarmu?

Mu da muka tashi a ƙasar Bodinga ba za mu manta da lokacin kaka ba. Da zarar an gama yankan gero, rumbuna sun cika, sai labari ya bazu cewa 'yan kokawa sun sauka. Bayan la'asar mu kan bi yayyenmu zuwa fage, mu kutsa ta tsakanin ƙafafun manya, mu zauna bisa rairayi a sahun gaba. Makaɗa su gwauro, ƙato ya fito ɗaure da walki da guraye, yana kirari yana zaga fage, har wani ya taso ya amsa masa. Wasu daga Sifawa, wasu daga Shagari, wasu kuwa baƙi ne daga Nijar waɗanda kokawar ce sana'arsu ta rani. In an kai mutum ƙasa, sai ihu ya kaure, a ɗauki gwani bisa kafaɗa, masu hali su yi masa kari. Wanda ya faɗi kuma ya miƙe ya kakkaɓe jiki, su gaisa da wanda ya kayar da shi. A nan muka fara koyon cewa faɗuwa a bainar jama'a ba ƙarshen duniya ba ce.

To, yau fa? Ƙannenmu suna biyan kuɗi a gidajen kallo don su ga kokawar Amurka, wadda masu shirya ta da kansu sun yarda tun kafin a fara an san wanda zai ci. Yaro ya san John Cena, amma bai san sunan gwanin gundumarsu ba. Mu ba mu ga laifin yaron ba. Abin da aka ajiye masa a gaba shi ya kalla.

Mu dubi maƙwabtanmu. A 1975 Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua, inda Kantu na Maraɗi ya zama gwani na farko. Tun daga nan gasar take zagaya jihohin ƙasar, kowace jiha ta kawo zaratanta, ana nunawa a talabijin, wanda ya ci a ba shi takobi da kyauta mai tsoka. Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki takobin nan sau 6. Wasansu da namu iri ɗaya ne, kiɗan ma ɗaya. Bambancin kawai, su hukuma ta gina musu fage, ta tsayar da lokaci da ƙa'ida, mu kuwa mun bar namu a hannun sa'a.

Akwai masu cewa fagen kokawa matattarar caca ce da shaye-shaye da camfe-camfe. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a zancensu, balle a ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa. Amma ɓarna ta fi yaɗuwa inda babu mai sa ido. In aka sa alƙalai da dogarai da ma'aikacin lafiya, aka tashi kafin magariba, me ya rage na ƙi? Saurayin da ba shi da abin yi tsawon rani ya fi zama haɗari ga gari bisa wanda ke motsa jini yana neman suna.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari su keɓe fili, su tsayar da gasa kowace kaka tsakanin gundumominsu, da shawarar hakimai da tsofaffin gwanaye tun suna raye. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, gobe ku ne za ku rubuta kasafin kuɗin nan. In kun je gida hutu, ku nemi tsohon ɗan kokawar garinku, ku rubuta tarihinsa da kirarinsa. Allah ya sa a ji.